Kwali, Tsohuwar Riga da Almakashi: Yadda Ake Haɗa wa Yaro Kayan Shigar Wasa a Gida

Duk wanda ya zauna da yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ya san wannan rana. Za ka gan shi ya fito da tawul a kafaɗa, murfin tukunya a hannun hagu, guntun kara a hannun dama, ya haɗe rai yana sanar da kowa cewa daga yau shi jarumi ne, kada wanda ya sake kiran sa da sunansa. Ni dai daga irin wannan rana na fahimci abin da ya sauƙaƙa mini aikin gaba ɗaya: yaro alama yake nema. Idan ya sami abu ɗaya ko biyu da za su nuna ko shi wane ne a wasan, sauran duk kansa zai cika su. Saboda haka babu dalilin sayen cikakken kaya daga hula har takalmi, wanda kafin wata shida ya yi masa kaɗan. Kayan da yake sawa kullum su ne tushe, ku kuma ku ɗora alamar a kai.

Kafin a taɓa almakashi

Ku fara da tambayar yaron me yake so ya zama, sannan ku ƙara masa tambaya ta biyu: da me za a gane shi? Amsar tana ba da mamaki. Wani yaron da ya ce likita yake so, ba farar riga ce ta dame shi ba, abin sauraren bugun zuciya kawai yake hange. Wani kuma da ya ce zaki, wutsiya ce gaba ɗaya burinsa. Abin da ya ambata da bakinsa, shi za ku fi ba lokaci.

Sai awo. Wurare huɗu sun wadatar: kewayen kai ta saman gira, faɗin kafaɗa, daga kafaɗa zuwa gwiwa, da kewayen ƙugu. Idan babu tef ɗin awo irin na tela, ku zagaya da zare ku auna zaren da rula. Kan yaro mai shekara 3 zuwa 6 yakan kai santimita 50 zuwa 52, amma kada ku dogara da wannan, ku auna naku. Ku rubuta awon a jikin kwalin da za ku riƙa tara kayan, don za ku sake bukatarsa.

Kayan aikin kuwa galibi suna gida: kwalaye masu kauri, tsofaffin riguna tishat na manya, safar da ta rasa 'yar'uwarta, robobin ruwa da murafensu, tsofaffin jaridu, gam fari na takarda, salatif mai faɗi, allura da zare, lastik, fentin ruwa. Abu ɗaya da nake ba da shawarar a saya idan babu shi ne Velcro, abin nan mai ƙar-ƙar da ake gani a bakin takalman yara, ɓangare ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, shi ya ƙirƙiro shi bayan ya lura a 1941 da yadda 'ya'yan wata ciyawa masu ƙaya ke maƙalewa a gashin karensa. Amfaninsa a wannan aikin ya wuce sauƙin ɗaurawa. Yana ɓallewa da kansa idan aka fizge shi, kuma wannan halin ne ke kare wuyan yaro.

Alkyabbar jarumi, da maganar wuya

Da ita za ku fara, domin ita ce ke shiga kusan kowace shiga: jarumi, sarki, mayaƙi, duk da ita ake yi. Ku sami tsohuwar tishat ta babba ku shimfiɗa a ƙasa, bayanta yana kallon sama. Ku zana layi biyu da alli, kowanne ya taso daga gefen wuyan rigar ya gangaro yana buɗewa har kusurwar gindinta. Ku yanke bayan kaɗai a kan layin, sannan ku bi kewayen wuyan ta gaba ku yanke, ku bar zoben wuyan a haɗe da bayan. Hannaye da gaban rigar ku ajiye su gefe, za su yi aiki nan gaba. Yadin tishat ba ya zarewa idan an yanke shi, don haka ba sai an yi kalmasa ba. Wannan kaɗai ya rage rabin wahalar.

Yanzu ku tsinke zoben wuyan nan a tsakiyar gaba, ku ɗinka ɗan guntun Velcro, kamar santimita 2, a kowane baki. Kada ya fi haka, saboda idan ya yi tsawo zai kama da ƙarfi ya ƙi sakewa. Ku gwada da hannunku: ku manna, ku ja alkyabbar ta baya. In ta ɓalle ba tare da kun yi ƙoƙari ba, ta yi.

A nan zan ɗan tsaya, don abin ya taɓa faruwa a gabana. Alkyabbar farko da na yi wa babban ɗana, da igiya na ɗaure masa a wuya, ƙulli biyu. Ya kwasa da gudu zai fita daga ɗaki, gefenta ya maƙale a hannun ƙofa. Ƙafafunsa suka yi gaba, wuyansa ya tsaya. Ya faɗi zaune yana tari, da jan layi a maƙogwaro wanda ya kwana biyu bai ɓace ba. Allah ya kiyaye, amma tun ranar ban sake ɗaura wa yaro komai a wuya da ƙulli ba. Ba a banza ba ne ƙa'idar kayan yara ta Turai, EN 14682, ta hana sa igiya a wuya ko a hular rigar yaran da ba su kai shekara 7 ba. Idan yaron bai kai shekara 3 ba, ku bar wuyan ma baki ɗaya: ku ɗinka Velcro a kafaɗun rigarsa, alkyabbar ta manne a can. Tsawonta kuma kada ya wuce bayan gwiwa, don kada ya taka ta ya kifa.

Alamar baya sai ku yanko ta daga ƙyalle mai wani launi, tauraro ko harafin farko na sunansa, ku ɗinka ko ku manna da gam.

Sanin kan kwali

Mutane da yawa suna yin takobin kwali, kafin la'asar ya lanƙwashe ya zama tsumma, sai su ce kwali ba ya aiki. Matsalar daga yankan take. Ku dubi bakin kwali da kyau, za ku ga takarda mai lanƙwasa a tsakiya ta yi 'yan ramuka a jere, duk sun nufi waje ɗaya. Kwali yana naɗuwa cikin sauƙi idan aka bi layin ramukan, yana turjewa idan aka gitta su. To, duk abin da kuke so ya tsaya ƙyam, ku bar ramukan su bi tsawonsa. Duk abin da kuke so ya zagaya, kamar kambi ko ɗamara, ku bar ramukan a tsaye domin ya lanƙwasu ya bi kan yaron.

Takobi: ku yanko falle uku masu siffa ɗaya, tsawon bai wuce daga hammatar yaron zuwa yatsunsa ba. Na waje biyu ramukansu su bi tsawo, na tsakiya ya gitta. Ku shafa gam ku haɗe su, ku danne da littattafai masu nauyi su kwana. Bakin ku zagaye shi kamar bakin cokali, kada ya yi tsini. Kada kuma ku cusa sanda ko waya a ciki don ƙarin ƙarfi, ko da yaron ya roƙa. Takobin da ya karye ana sake wani cikin minti ashirin, ido kuwa ba a sake shi. Ku naɗe ƙotar da tsumma ko salatif, ku lulluɓe ruwan takobin da takardar alminiyam mai ƙyalli.

Garkuwa falle biyu ta ishe ta, ramukansu a gicce. Ku kifa babban faranti ku zagaya da fensir, faɗin kamar santimita 35. Kafin ku manne fallen biyu, ku tsaga wuri biyu a falle na ciki, ku zura ɗaya daga cikin hannayen tishat ɗin nan da kuka ajiye, ku ƙulla ta baya. Idan kuka manna falle na waje, ƙullin ya ɓuya, ga madauki mai laushi da ba zai goge masa hannu ba. Zanen fuskar garkuwar ku sakar masa, ya yi abin da ya ga dama.

Kambi ya fi komai sauri. Awon kai da ƙarin santimita 3 na haɗi, faɗi kamar santimita 10, a yanka saman tsini-tsini, a manna murafen robobi masu launi a matsayin duwatsu. Ku liƙa ƙyalle ta ciki don kada bakin kwalin ya ci masa goshi.

Duk yankan da ke bukatar reza ko wuƙa aikin babba ne, kuma a kan katako, yaro yana nesa. Shi aikinsa shafa gam, fenti da zaɓen launi. Idan kuna da bindigar gam mai zafi, ku riƙe ta a hannunku kaɗai: mai ƙarfin takan kai zafin digiri 190 a ma'aunin Selsiyos, kuma narkakken gam yana manne wa fata yana ci gaba da ƙona ta.

Hular kwano ta jarida: aikin kwana uku

Wannan ce ta fi cin lokaci, ita ce kuma yara suka fi ji da ita. Da hula ɗaya za a yi ɗan sama jannati, ɗan kwana-kwana ko mayaƙi, launi da yanka ne kawai ke bambanta su.

Ku hura balan-balan har kewayensa ya fi na kan yaron da santimita 5 ko 6, ku ƙulle, ku zaunar da shi a bakin kwano don kada ya yi ta gangarawa. Ku dama fulawa kofi ɗaya da ruwa kofi ɗaya da rabi, ku zuba gishiri cokali ɗaya saboda yana rage fumfuna, ku motsa har gudajin su mutu. Kaurin da ake so shi ne wanda zai lulluɓe yatsa amma ya riƙa ɗiga. Jaridar ku yayyaga ta da hannu, faɗin yatsa biyu. Yagaggen baki ya fi yankakke kwanciya, ba ya barin tudu.

Ku tsoma kowane yanki, ku ja shi tsakanin yatsu biyu ku matse rarar ƙullun, ku shimfiɗa a kan balan-balan ɗin, kowanne ya ɗan hau na kusa da shi. Idan kun rufe ko'ina, ban da ƙasan da kai zai shiga, ku tsaya. Ku ajiye a inda iska ke kaɗawa ya kwana. Washegari ku yi shafi na biyu, wannan karon yankunan su gitta na jiya. Rana ta uku ku yi na ƙarshe da farar takarda, don rubutun jarida kada ya riƙa leƙowa ta ƙarƙashin fenti. Na san yaron zai dame ku da "Ta bushe? Ta bushe?" tun asuba, amma kada ku yarda ku jibga shafi uku a rana ɗaya. Waje zai bushe, ciki ya zauna da danshi, bayan mako guda ta fara wari ta yi baƙi-baƙi. Gwajin bushewa shi ne ku ƙwanƙwasa da farce: in ta yi ƙara kamar ƙwarya, ta yi. In kuma kun ji sanyi a tafin hannu, da saura.

Sai ku fasa balan-balan ɗin, ku tsince guntayensa tas ku zubar, domin guntun balan-balan na daga cikin abubuwan da suka fi shaƙe yara. Ku gwada hular a kansa, ku zana inda fuska za ta fito, ku cire ta sannan ku yanke. Ƙofar fuskar ta yi faɗi sosai, daga saman gira har ƙasan haɓa, ta kuma buɗe ta gefe yadda zai ga abin da ke tahowa daga dama da hagu. Kada ku rufe ta da leda ko roba da sunan gilashi. Ku bi bakin da salatif, ku manna guntun soson katifa a ciki ta sama don ta zauna daram.

Idan ɗan sama jannati ake so, a yi mata farin fenti. Robobin ruwa biyu masu cin lita 2 a haɗe su da salatif, bakinsu yana kallon ƙasa, a tura jan ƙyalle da ruwan ɗorawa a bakin su zama harshen wuta, a yi madaukai biyu na lastik a rataya a baya kamar jakar makaranta. Farar riga da farin wando sun kammala. In babu fari kuma akwai ruwan lemo, kada ku damu: Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya a 1961, kaya ruwan lemo ya sa, da farar hula. Fararen kayan da aka fi sani su ne irin waɗanda Neil Armstrong ya taka wata da su a 1969. Ku gaya wa yaron wannan yayin da kuke fenti, za ku ji yana maimaita shi ga duk wanda ya shigo.

Waɗanda ake gamawa kafin shayi ya huce

Likita: tsohuwar farar riga mai maɓalli ta babba, a naɗe hannayen, a bar ta a buɗe. Abin sauraren zuciya kuwa, a lanƙwasa abin kama gashi mai siffar baka ya zauna a wuya ta baya, a ɗaura masa gajeren ƙyalle da bai wuce ƙirji ba, a maƙala babban murfin roba a ƙarshe. Ko kuma a naɗe takarda mai kauri ta zama bututu, wanda shi ne ma asalin abin: likitan Faransa René Laennec da naɗaɗɗiyar takarda ya fara sauraren ƙirjin mara lafiya a 1816, kafin ya sassaƙa na katako. Bututun yana aiki da gaske, yaron zai ji zuciyar ƙaninsa tana bugawa. A jikin jakar likitan ku zana zuciya ko wata alama, amma ku guji jan kuros da jan jinjirin wata, don alamu ne da Yarjejeniyar Janeba ta keɓe wa masu aikin ceto.

Matuƙin jirgin sama: farar riga, baƙin wando, da ƙyalle baƙi a kowace kafaɗa mai zane ruwan zinari. Kyaftin zane 4 yake da shi, mataimakinsa galibi 3. Yaro ba zai yarda da ƙasa da huɗu ba, sai dai in yana da ƙanin da zai ba ukun.

Zaki: ragowar gaban tishat ruwan ƙasa ko ruwan ɗorawa a yayyanka shi tsawon yatsa biyu, a ƙuƙƙulla a jikin lastik ɗin da zai zagaya fuska daga saman kai zuwa bayan kunne, geza ta samu. Wutsiya kuma doguwar safa ce a cusa mata tsumma, a ɗinke ta a ƙugun wando, tsawonta kada ya kai ƙasa.

Mutum-mutumin inji, wato robot, yana bukatar ɗan lissafi. Ku sami kwalin da ya fi kafaɗun yaron faɗi kaɗan, ku cire gindinsa. Ƙofar kai za ku samu idan kuka raba kewayen kansa da 3.14: kai mai santimita 52 zai ba ku kusan 17, sai ku ƙara 3 saboda kai ba zagayayye ba ne sosai, ga kuma kunnuwa. Ƙofofin hannu su yi girma su kuma matso sama, in ba haka ba kwalin zai riƙa cin hammatarsa. Tsawon ya tsaya a ƙugu don ya iya zama ya kuma hau matakala. Murafen robobi su zama maɓallan ƙirji.

Kayan soja ko na ɗan sanda, ni ina kauce musu. A ƙasashe da dama doka ta hana farar hula sa kakin soja, kuma bindigar wasa mai kama da ta gaske tana iya jawo abin da ba a so.

Dubawar ƙarshe

Kafin ku miƙa masa, ku bi kayan da hannu kuna jan duk abin da kuka manna. Idan a gidan akwai yaron da bai kai shekara 3 ba, duk abin da zai iya shigewa cikin kwalin tsakiyar takardar bayan gida ya yi ƙanƙanta, ku cire shi ko ku ɗinke shi da zare biyu. Ma'aunin da masu gwada kayan wasa ke amfani da shi bututu ne mai faɗin milimita 31.7, kwalin nan ya ɗan fi shi faɗi, don haka gwajinsa ya fi tsauri. Kada ku sa 'yan fitilu masu ƙaramin batir mai kama da maɓalli. Idan yaro ya haɗiye irinsa ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2.

Sai wuta. Gemun auduga yana da kyau a ido, amma auduga sakakkiya tana kamawa nan take, yadin roba kuma narkewa yake ya manne a fata. Ku yi gemu da ƙyalle, ku kuma kafa doka cewa ba a zuwa kusa da murhu ko kyandir da kayan wasa a jiki. Fentin kwali ba na fuska ba ne. In ana son gashin baki ko sajen zaki, a nemi wanda aka yi domin fata, a fara gwada ɗan kaɗan a hannunsa tukuna.

Daga nan ku ce ya sa da kansa, ku koma gefe ku zuba ido. Ku ce ya yi gudu, ya zauna, ya ɗaga hannu sama, ya waiwaya. Duk inda kuka ga ya tsaya yana kokawa ko ya kira ku, nan ne gyaran yake: ƙofa ta yi ƙanƙanta, ko lastik ya matse, ko wani baki yana sukarsa. Kayan da yaro ba zai iya sawa ya cire shi kaɗai ba, kwana biyu zai yi ya watsar.

Ku ware babban kwali ɗaya a ƙasa inda hannunsa zai kai, hular jarida a sama don kada a danne ta, nesa da danshi. Ku jefa salatif guda a ciki, domin garkuwa za ta yage, kambi zai ɓalle, kuma yaro ɗan shekara biyar yana iya liƙe su da kansa in an nuna masa sau ɗaya. Na ƙyalle a wanke su da hannu, a manne Velcro ɗin kafin a jiƙa don kada ya kwashi zare. Duk bayan wata shida ku sake auna kansa, ku gyara lambar da kuka rubuta a jikin kwalin.